WAI BA A KAI WA IDO WUƘA: RADDI GA DATTAWAN MAJALISARMU



'Yan uwana mazauna Kurmi, na Badun da na Ikko, na Shagamu da Anacha da Fatakwal, ina yi muku fatan alheri. Yau ba labarin kasuwa na kawo muku ba. Abin da ya sa na zauna rubutu wata magana ce da na ji a majalisa ranar Talatar da ta wuce bayan sallar isha'i, wadda ta hana ni barci. Wani yaro ɗan dako a kasuwarmu ƙwallo ta buge shi a ido wajen wata guda ke nan, ganinsa ya dusashe, aka kai shi asibiti, likita ya ce idon ya saki, watakila ma sai an yi aiki. Maigidansa ya zo neman shawara. Kafin ya rufe baki dattawa uku suka haɗa baki suka ce, "Kul! Ba a kai wa ido wuƙa. Ku tura shi gida a yi masa na gargajiya." Ni ina can gefen tabarma, yaro ne ni, ba na tsoma baki a maganar manya, sai na yi shiru. To shirun nan shi ya dame ni, domin wannan magana ba ragi ba ƙari ita aka faɗa mana a 2023, kuma saura ƙiris ta cinye idon ƙanena.

Ina roƙon iyayena dattawa su yi mini afuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni ba likita ba ne, iyakata sakandare. Amma ni na yi tafinta tsakanin likita da mahaifina tun daga ranar farko har ranar da aka sallame mu, don haka abin da zan faɗa ta bakina ya bi.

Mu 'yan albasa ne. Baba ya fi shekara talatin yana sauke albasar Aliero a Badun, a nan Sabo aka haife ni, a nan aka haifi ƙanena. A ƙarshen watan Janairu na 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ƙanen nawa, lokacin yana da shekara 17, yana taya wani ɗan acaɓa ɗaure buhu biyu da robar nan da ake yankowa daga tsohon tib na taya. Ya ja ta iya ƙarfinsa, sai ƙullin bakinta ya suɓuce ya dawo ya same shi a idon dama. Ya durƙusa riƙe da fuska. Da aka ɓamɓare hannunsa aka ga babu jini, babu tsaga, sai ja da hawaye. Kowa ya ce alhamdu lillahi, Allah Ya kiyaye. Mu dai a wurinmu in ido bai fashe ba ai ba a yi komai ba.

Aka kai shi kemis, mai kemis ya ba da maganin ɗigawa da na kashe zafi. Cikin mako guda jan ya ragu, amma gani bai dawo ba. Yaro ya ce yana ganin komai kamar ta cikin gilashin da ya yi raɓa, abin da ke miƙe ya gan shi a karkace, ƙofar shago ta koma kamar an lanƙwasa ta. Daga nan masu magani suka fara layi. Wata tsohuwa ta ce nonon mai jego. Wani ya ce ruwan sukari. Wani ya kawo kwalli ya ce na Makka ne. Wani kuma ya ja Baba gefe ya ce jifa ne, tunda yaron ya fara iya ciniki. Mako biyar muka yi muna wannan. Ni da na je makaranta ina tsaye ina kallo ban ce uffan ba, saboda haka ban cire kaina daga laifi ba.

Inna ce ta fara lura cewa idon ya ɗan faɗa, kamar ya fi ɗan uwansa ƙanƙanta. Ita ta kafe kai da fata sai an je asibiti. Muka je, ba zan kama sunan asibitin ba, muka yanki kati da safe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Likitar mace ce, Bayarabiya. Ta ɗiga masa magani, ta kawo wata 'yar na'ura ta taɓa baƙin idon hagu, ta rubuta 15. Ta taɓa na dama, ta sake taɓawa, ta rubuta 3. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, yaushe abin ya faru? Na ce mako biyar. Kallon da ta yi mini har yau ban manta da shi ba.

Ga bayanin da ta yi, yadda na fahimce shi kuma na maimaita wa Baba. Ƙwayar ido kamar ƙwallo ce da aka hura, sai dai ba iska ce ke riƙe da ita ba, ruwa ne. Ba hawaye ba, ba kuma ruwan ido irin na mai zaɓen atamfa ba, wani ruwa ne garai-garai da ke cikin ƙwayar kanta. A bayan baƙin ido akwai wata 'yar tsoka mai siffar zobe, manne da farin ido ta ciki. Ita ce famfon da ke samar da ruwan nan dare da rana. Akwai kuma wata 'yar magudana da ruwan ke fita ta cikinta a hankali. Daidaiton shiga da fita shi ke riƙe taurin ido, kuma likitoci na auna shi da lamba. Lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21. In magudana ta toshe lambar ta hau, shi ne abin da muke kira hawan jinin ido, wanda kowa ya san shi. Abin da ba mu sani ba shi ne lambar tana iya faɗuwa. In ta sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka ido ya saki ke nan, su suna ce masa haifotoni.

To me ya sa na ƙanena ya faɗi? Ta zana mana a takarda. In abu marar kaifi ya daki ido da ƙarfi, roba ko ƙwallo ko naushi ko murfin kwalba, ƙwayar takan matse daga gaba zuwa baya ta buɗe ta gefe a cikin ƙiftawar ido. A wannan buɗewar zoben nan yakan ɓalle daga jikin farin ido, ya bar tsaga. Sunan tsagar a bakinsu saikulodayalisis. Ruwan sai ya bar magudanarsa ya riƙa zurarewa ta tsagar, ya shige tsakanin bangayen ido, jiki ya shanye shi. Ba a waje yake zuba ba, shi ya sa duk Sabo babu wanda ya ga yoyon. Ga shi kuma famfon da ya ji rauni ya rage aiki. Randa ce ke tsiyaya ta gindi, mai zuba ruwa kuma ya gaji.

In ido ya saki, shimfiɗar da ke can bayansa, wadda hoto ke sauka a kanta, takan tattare ta yi ƙunji kamar zanen da ba a goge ba. Wannan ne ya sa yaro ke ganin ƙofa a lanƙwashe. In aka bar shi haka wata da watanni yana za ta iya fitowa, tattarewar ta zauna dindindin, a ƙarshe ma idon ya motse ya mutu a cikin gurbinsa. Daga baya na karanta cewa a 1905 wani likita Bajamushe mai suna Leopold Heine da gangan yake yin irin wannan tsaga don ya sauke wa masu hawan jinin ido matsin idonsu. Ka ga ke nan ƙarfin tsagar wajen zubar da ruwa abu ne da likitoci suka sani fiye da shekara ɗari. Mu ne dai labari bai iso mana ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ba da ka ta yanke hukunci ba. Ta ce sakin ido bayan duka yana da dalilai da yawa: yana iya zama ƙwayar ta fashe ta inda ba a gani, yana iya zama shimfiɗar baya ce ta ɗago, yana iya zama kumburi ne ya tsayar da famfon. Sai da ta ɗora wani ɗan gilashi mai madubi a kan idon ta leƙa lungun da baƙi ya haɗu da fari, aka kuma yi hoton ido, sannan ta ga tsagar. Yadda suke auna faɗinta ya burge ni: suna ɗaukar zoben kamar fuskar agogo, sai su ce tsagar ta ci awa kaza. Ta ƙanena ta ci wajen awa huɗu, wato kashi ɗaya cikin uku na zoben.

Yanzu ku saurara, ku masu cewa likita da ya gan ka sai wuƙa. Ba ta fara da wuƙa ba. Ta fara da maganin ɗigawa mai suna atirofin, wanda ke sa tsokar ta saki jiki ta kwanta a jikin bango ko Allah Ya sa ta manne da kanta. Ta gargaɗe mu cewa maganin zai buɗe tsakiyar baƙin ido, hasken rana zai dame shi, karatu zai yi masa wuya, kada mu tsorata. Ta karɓi kwalbar da mai kemis ya ba mu ta duba, ta ce a daina, domin akwai sinadarin sitiroyid a ciki, shi kuma yana iya hana tsagar haɗewa. Wato mako biyar muna biyan kuɗi muna ɗiga abin da ke riƙe ƙofa a buɗe. Ta ce ƙananan tsagu da yawa magani kawai ke rufe su. Wasu a ƙona gefensu da hasken leza, wasu a daskarar da wurin da sanyi ta waje, don tabo ya kama ya liƙe. Amma babbar tsaga irin tamu galibi sai ɗinki. Aka ba mu mako shida. Muka dawo cikin azumi, aka auna, lamba ta ce 4. Likita ta ce, "Alhaji, sai aiki."

A daren nan aka yi taro a zauren Baba bayan asham. Baffa, yayan Baba, shi ne babba, shi ya fara magana. Ya ce, "Tun da nake ban taɓa jin an ɗinke ido ba, ido ba buhu ba ne. Ciro shi za su yi su ɗora a faranti su wanke, wa ya san abin da za su mayar? Kuma a ƙasar wasu? In aikin ne ma a bari sai an je gida." Wani abokin Baba ya ƙara da cewa ai yaro yana da ɗaya idon, abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Baba ya sunkuyar da kai. Na san halinsa, ba ya iya musu da Baffa.

Jikina yana rawa na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ku gafarce ni. Na tambaye ta wannan da bakina. Ba a ciro ido. Akwai jijiya da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa, in an yanke ta babu mai iya haɗawa. Yana cikin gurbinsa ake aikin." Baffa ya ce, "Kai, ɗan boko, rufe mana baki." Na rufe. Amma Inna tana bayan labule tana ji. Da safe ta ɗauko sarƙarta da 'yan kunnenta ta ajiye a gaban Baba, ta ce, "Malam, ga wannan a sayar. In yaron nan ya makance ni zan ja masa gora, ba su ba." Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidanmu ba sai ranar. Duk da haka sai da aka ci sauran azumi ana ja-in-ja, sai bayan ƙaramar Sallah, a watan Mayu, Baba ya sa hannu.

Aikin, wanda suke kira saikulofeksi, ga yadda yake. Aka sa shi barci. Daidai inda tsagar take suka ɗaga wani ɗan sashe na farin ido kamar murfi, suka kai ga tsokar da ta ɓalle, suka ɗinke ta da bangon da wani zare da ya fi gashin kai siranta, duk a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan suka mayar da murfin suka rufe. Ba a cire masa komai ba, ba a sa masa na kowa ba. Ashe dai ana ɗinke ido.

Kashegari da dare yaro ya tashi da ciwon kai mai tsanani, ido kamar zai faɗo, har da amai. Aka auna, lamba ta haura 40. Labari ya kai Sabo kafin gari ya waye. Baffa ya zo da sandarsa ya tsaya a bakin gado ya ce, "To, kun gani. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Wallahi ni ma gabana ya faɗi. Amma likitar ta riga ta gaya mana tun kafin aiki cewa hakan na faruwa, kuma alama ce yoyo ya tsaya. Magudanar asali ta yi wata huɗu tana hutu, ruwa ya dawo gaba ɗaya, sai ta ɗauki 'yan kwanaki kafin ta kama aiki. Ba abin wasa ba ne, dole a sauke shi da magani cikin gaggawa, shi ya sa ba a gudu daga asibiti bayan aiki. Aka ba shi magani, cikin kwana huɗu ya sauko. Da muka koma bayan wata guda lamba ta ce 14.

Yau ƙanena yana karanta Alƙur'ani da idon nan in ya sa tabarau, yana rubuta lissafin buhuna, yana tuƙa babur. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai koma kamar na hagu ba. Akwai ɗan dishi-dishin da ya rage, akwai kuma 'yar yana da ake sa wa ido duk bayan wata shida. Likita ta ce Allah Ya taimake mu, domin irin wannan ido yakan farfaɗo ko da ya yi watanni a sake, amma gwargwadon jinkiri gwargwadon abin da ake iya rasawa. Wannan dishi-dishin shi ne ladan shawarar majalisa.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin ɗaya bayan ɗaya, tunda su ne dai ake ta maimaitawa.

Na farko, wai ba a kai wa ido wuƙa. Haba jama'a! Su wa suka fi mu kai wa ido ƙarfe? Ba a garuruwanmu ne masu yawo da jaka ke soka wa tsofaffi allura a ido su tura yana can ciki ba, a zaure, a kan buzu, ba tare da an dafa allurar ba? Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana irin waɗannan mutane ne suka taɓa su, kuma akasarinsu ba su samu ganin kirki ba. Wannan ba mu kira shi wuƙa ba, saboda mai yin sa yana jin Hausa yana kuma yi mana addu'a. Amma wanda ya shafe shekaru yana koyon aikin ido kaɗai, shi ne abin tsoro. Ashe ba wuƙar muke tsoro ba, baƙon hannu muke tsoro.

Na biyu, wai a bari sai an je gida. Ina ne gida? An kafa Sabon Badun tun 1916. Kakannin wasunmu a nan aka binne su. Asibitin koyarwa na UCH yana nan tun 1957, daga Sabo ko kuɗin mota ba a bakin komai yake ba. Muna sayar wa Bayarabe albasa bashi, muna ajiye kuɗinmu a bankin da yake manaja, muna shiga motar da yake tuƙawa mu yi barci, amma da an zo maganar lafiya sai mu tuna baƙi ne mu. In da gida ana nufin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ne, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, da ban ce komai ba, ga hanya nan, a tafi gobe. Amma ni da ku mun san abin da ake nufi. Ana nufin a sa yaro a bayan tirela, a kai shi ƙauye wurin kakarsa, a daka ganye, shi ke nan an rabu da nauyi. Binciken nan da na ambata ya nuna a cikin masu shekara 40 zuwa sama makanta ta kai kashi 6.1 cikin 100 a Arewa maso Gabas, a nan Kudu maso Yamma kuwa kashi 2.8 ce. A ƙasa baki ɗaya an ƙiyasta makafi miliyan 1.13 a wannan rukuni, kuma kashi 84 cikin 100 makantar da za a iya kauce mata ce ko a warkar da ita. Ku dubi masu bara a bakin masallatanmu na Kurmi, yaro a gaba riƙe da gora, ku gaya mini da wane yare suke roƙo.

Na uku, ƙaddara. Na yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi. Robar da ta suɓuce ƙaddara ce. Amma mako biyar na ruwan sukari mu muka zaɓa. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Wanda ya ce maka ka zauna ka jira ƙaddara a kan idon ɗanka, in motar albasarsa ta lalace a Jebba ba ya kwana bai tura makanike ba.

Na huɗu, ai yana da ɗaya idon. Ido ba sifaya ba ne da za ka je Agodi ka sayo. A 2023 likitoci a Amurka sun dasa wa wani mutum ƙwayar ido sukutum, karo na farko a duniya, idon ya rayu, amma rahoton da suka fitar a 2024 ya nuna ba ya gani da shi. In can abin ya gagara, kai da wa ka dogara? Ɗan dako mai ido ɗaya, a cikin kasuwar da ƙugiya da roba da ƙahon sa ke yawo, tsakaninsa da gora tsautsayi guda ne.

Na biyar, kuɗi da wulaƙancin asibiti. Wannan kam na yarda akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan rufe ta ba. Aikin ido da tsada. Mun yi layi tun asuba, an daka mana tsawa, an taɓa mayar da mu gida saboda na'ura ta lalace. Dattijon da ba ya jin Turanci, a sa shi yawo daga wannan taga zuwa waccan, dole ya ji ya tsani wurin. Kuma tiyata ba ta da garanti, likitar da kanta ta ce wani lokaci sai an sake, wani kuma gani ba ya dawowa. Duk na amince. Amma kuɗin aikin ƙanena bai kai abin da gidanmu ya kashe a bikin yayata ba, kuma a bikin babu wanda ya ce a bari sai an je gida. Muna da kuɗin anko, muna da kuɗin naɗin sarauta, muna da kuɗin tarbar ɗan siyasa. Tsawar nas ta minti biyu ce, makanta kuwa ta har abada ce.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Duk wanda wani abu ya daki idonsa, ko da babu jini, a kai shi wurin likitan ido a ranar, ba kemis ba, ba mai sayar da tabarau ba. Kada a murza, kada a danna da yatsa wai ana gwada laushi, domin in akwai ɓoyayyar fashewa dannawar ce za ta ƙarasa shi. Kada a ɗiga komai, kada a sa kwalli, wanda ma na dutse gubar dalma ce a cikinsa. A yanko gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon a liƙe da filasta ba tare da ya taɓa ƙwayar ba. Kada a sha asfirin, don yana iya ƙara zubar jini a ciki. In mutum yana da sikila, ko ma AS ne, a gaya wa likita tun da farko, domin jinin da ya taru a cikin ido ya fi haɗari gare su, kuma akwai maganin sauke matsin ido da bai dace da su ba. A tambayi likita lamba nawa idon ya nuna, a rubuta a ajiye. In an ce a dawo, a dawo, ko da an ji sauƙi, saboda idon da ya sha duka yana iya kamuwa da hawan jinin ido bayan shekaru.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa kuma, kullum ana karɓar kuɗi a kan kowane buhu da aka sauke. A ware wani abu a cikinsa ya zama asusun jinya na 'yan dako da yaran shago, waɗanda iyayensu ke can nesa. A samu samari biyu ko uku masu jin Turanci da Yarabanci da za a riƙa kira su raka marar lafiya asibiti, ni na ba da kaina. A kuma koya wa yara kawar da fuska in suna jan robar ɗaure kaya. Ba wani abu ne mai wuya ba.

Iyayena dattawa, ku ne gatanmu a wannan ƙasa, ku kuke sasanta mu, ku kuke karɓo mu in an kama mu. A kan farashin albasa da rikicin aure maganarku yankan wuƙa ce. Amma a kan abin da ke cikin ƙwayar ido, don Allah ku riƙa cewa a je a tambayi masu abin. Baffa da kansa, Allah Ya ƙara masa lafiya, a bara da yana ta rufe masa ido, ni ya kira ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka kai ni wurin matar nan."

Yaron nan ɗan dako kuwa, ranar Laraba da sassafe na je na sami maigidansa a rumfa, na gaya masa duk abin da na rubuta a nan, na kuma kai masa ƙanena ya gan shi da idonsa. Ya ce zai yi shawara. Har yanzu da nake wannan rubutu bai ba ni amsa ba, kuma na ji an ce akwai motar da za ta tashi zuwa Arewa ranar Asabar. Wanda duk ya san shi, kun san wanda nake nufi, ya taimaka ya sa baki kafin ranar.

Allah Ya tsare mana ganinmu da jinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yafe mini in na yi wa wani rashin kunya. Amin.

Wassalam. Naku, ɗan Sabo, daga Badun.